Gwaggo Ba Ta Tashi Sai da Turi

Motoci biyu ne ke kwana a ƙofar gidan Malam Ɗayyabu Direba da ke Tarai, a ƙaramar hukumar Kibiya. Ɗaya tana cikin rumfar kwano an lulluɓe ta da tamfol, fara ce mai sheƙi, ba ta kai shekara goma da ƙerawa ba. Ɗayar tana waje a gindin tsamiya, an tokare tayarta ta gaba da dutse. Wagon ce irin ta farkon shekarun tamanin. Asalinta shuɗiya ce, amma yanzu ƙofar direba ruwan toka ce, murfin but kuma kore, domin daga jikin wasu motocin aka ciro su. Mutanen gari suna ce mata Gwaggo. Sabuwar kuwa har yau Baƙuwa ake kiran ta, duk da ta haura shekara a gidan.

Malam Ɗayyabu ya wuce saba'in. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idan yana magana yakan riƙa murza gwiwarsa ta hagu, wadda ta shekara arba'in da wani abu tana taka kuloci. A 1992 ya sayi Gwaggo a hannun wani tsohon hedimasta a Rano, ya yi shekara goma sha takwas yana haya da ita tsakanin Rano da Kano. Da ƙarfi ya fara ja baya, ƙananan bas kuma suka cika tasha, sai ya ajiye haya ya koma gona. Motar dai bai rabu da ita ba. Da ita yake zuwa Kibiya da Rano sau uku ko huɗu a mako, sayen taki, gaisuwar rasuwa, kai gero niƙa, wani lokaci ma ba don komai ba sai don ya ga tsofaffin abokan tasha.

Tun kafin ya bar haya kik ɗin motar ya fara gardama, wato abin da ke tayar da inji idan an murɗa makulli. Sau biyu ana sa masa na hannu, sau biyu yana mutuwa. A na ukun sai ya haƙura, ya koma tayar da ita da turi. Gidansa yana kan tudu, amma gangaren ba daga bakin ƙofa ya fara ba, akwai taku kamar ashirin na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin a kai shi. Waɗannan taku ashirin ɗin dole sai da hannun mutane. Yana shiga ya sa giya ta biyu, ya danne kuloci, a tura har ta kama gangare, ya saki ƙafa, sai ta yi tari biyu ta kama. Can ƙasa wajen rijiya yake tsayawa ya jira masu turin su iso. A Rano ma ya san duk inda ƙasa ta karkata, kusa da tasha da bayan asibiti da gefen kasuwa, nan yake ajiye ta.

Babu wanda ya taɓa kafa doka, amma a cikin shekara goma sha biyar abin ya zama kamar doka: wanda ya tura, ya shiga. Da hantsi za ka ga mutum huɗu ko biyar sun taru a gindin tsamiyar, wani da buhu, wata da ƙwaryar nono, wani da akuya a ɗaure. Ba wanda ke cewa a rage masa hanya, shi ma ba ya tambayar kowa inda za shi sai an shiga. Abin da ake cewa kawai shi ne, “Malam, yau Gwaggo za ta fita?” Shi kuma ya ce, “In kun taimaka mata.”

Cikin masu zuwa turi akwai wani dattijo Bafulatani mai suna Bello, amma kowa Bappa yake ce masa. Rugarsu tana bayan gari, tafiyar kusan rabin awa a ƙafa. Sun daɗe da zama a wurin har suna noma, sai dai da rani 'ya'yansa maza kan yi kudu da shanu, a bar shi da mata da ƙananan jikoki. Ya girmi Malam Ɗayyabu da kusan shekara goma. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da sanda da malfa, kuma a iya sanin mutanen Tarai bai taɓa roƙon kowa ko da ruwan sha ba. In ka ba shi abu a gaban jama'a zai ce ya ƙoshi, ko da kwana ya yi bai ci ba.

Shekara bakwai da suka wuce aka gano yana da ciwon suga, aka ce ya riƙa zuwa asibiti a Rano duk Talata ta biyu, wato mako bibbiyu, ana duba shi ana ba shi magani. Babur yana sa shi jiri, ya taɓa faɗowa sau ɗaya bai ƙara hawa ba. Bakin titin da ake samun motar haya kuwa ya yi wa ƙafarsa nisa. Wata Talata sai ga shi a gindin tsamiya.

“Kaɗo,” ya ce da Malam Ɗayyabu, da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, wanda da shi yake kiran sa tun suna samari, “na hango ana wahala da wannan gwangwanin naka, na ce bari in zo in taimaka.”

“Allah ya saka, Bappa. Kama nan.”

Ya jingine sandarsa a kafaɗa, ya ɗora tafin hannu a kan murfin but, aka tura tare da shi. Da suka iso rijiya ya leƙa ta taga ya ce, “Ina ka nufa ne ma?”

“Rano.”

“To. Ni ma kamar akwai abin da zan duba a Rano.”

Haka suka yi shekara shida. Duk Talata ta biyu Malam Ɗayyabu yana da uzuri a Rano, kuma kullum gangaren bayan asibiti ne ya fi masa daɗin ajiye mota. Bappa ya sauka ya ce zai zaga ya dawo. Bayan awa biyu ko uku ya dawo da ƙullin leda a aljihun rigarsa, a tura, su kamo hanya. Kujerar gaba tasa ce. A duk tsawon shekarun nan kalmar asibiti ba ta taɓa fitowa daga bakin ɗayansu ba. Hirarsu ta shanu ce da damina da tsiyar da suke yi wa juna. A shekarun baya-bayan nan turin Bappa bai wuce ɗora hannu ba, sauran mutane ne ke yin aikin, amma ba a fara turawa sai hannunsa ya sauka a kan but.

Da ƙaramar Sallar 2024, babban ɗan Malam Ɗayyabu, Tajuddeen, wanda ke aikin injiniya a Abuja, ya iso gida da farar motar nan. Bayan an sauko daga idi ya durƙusa ya miƙa wa mahaifinsa makullin, wanda ba makulli ba ne ma, ɗan rimot ne baƙi kamar akwatin ashana. Malam Ɗayyabu ya yi ta sa masa albarka. Tajuddeen ya so a kira 'yan gwangwan su ɗauke Gwaggo, uban ya ce a dai bar ta ta huta. Aka tura ta bayan gida kusa da rumbu, aka cire batir.

Idan aka tambayi Malam Ɗayyabu bambancin motocin biyu, ba ya rage wa sabuwar komai. “Gaskiya ɗaya ce,” in ji shi. “Baƙuwa ta fi Gwaggo a kusan komai. Ba ta da kuloci, gwiwata ta huta. Ana tsakiyar zafin bazara ka shige ta kamar ka shiga randa. Sitiyarinta da yatsa ɗaya za ka juya, na Gwaggo kuwa sai ka ci tuwo. Man da Gwaggo za ta sha zuwa Rano, ita ya kai ta ya dawo da ita. Birki kuma, kana taɓawa ta tsaya, ba sai ka yi ta famfo kana salati ba.” Abin da yake ƙorafi a kai kaɗan ne. Cikinta a ƙasa yake, ba ta son hanyar gona. In bai ɗaura bel ba ta yi ta ƙara kamar jaririya. In ka buɗe gabanta kuma ba ka ganin komai sai baƙar roba. “Gwaggo in ta yi tari na san ko fulogi ne ko kafireta. Wannan kuwa in ta yi ciwo sai an kai ta Kano kwamfuta ta tambaye ta.”

Kwana biyu bayan Sallah mutane suka taru da hantsi kamar yadda aka saba, har da waɗanda ba su da inda za su, don a ga fitar sabuwar mota. Wasu har sun naɗe hannun riga saboda sabo. Malam Ɗayyabu ya shiga, ya danna maɓalli. Babu tari, babu hayaƙi, sai da aka kasa kunne aka gane ta tashi. Masu naɗaɗɗen hannun riga suka tsaya suna kallon juna. Ya sauke baƙin gilashin ya ce, “To, ku shigo mana.”

“Allah ya sanya alheri, Malam. Mu ba nisa za mu yi ba.”

Jumai, surukar Bappa, wadda ta shekara da shekaru tana kai nono Kibiya a cikin Gwaggo, ta leƙa ta ga kujerun, ta gyara ƙwaryarta a ka ta ce tana tsoron kada ya zube. Mutum biyu ne suka shiga, su ma sai da suka cire takalma suka riƙe a hannu, ba wanda ya yi tari har Kibiya. Da za su sauka ɗayan ya sa hannu a aljihu zai ba da kuɗin mota. Malam Ɗayyabu ya ɓata rai ya ce yaushe ya koma ɗan haya. Mutumin ya ji kunya, bai ƙara zuwa ba.

Talatar da ta biyo baya ta Bappa ce. Ya zo da sandarsa, ya zagaya motar sau ɗaya, ya yi addu'a ya shafa. Sannan ya tsaya a bayanta, hannunsa ya ɗan ɗago kamar zai ɗora, sai ya mayar da shi kan sanda. Akwai mutane kamar shida a gindin tsamiyar. Malam Ɗayyabu, cike da murnar yau abokinsa zai yi tafiya cikin sanyi, ya buɗe masa ƙofar gaba da kansa, ya ɗaga murya ya ce, “Bappa, shigo in kai ka asibitin. Yau ba ruwanka da wahala.”

Bappa ya dube shi, ya dubi mutanen.

“Wa ya ce maka ba ni da lafiya?”

“A'a, ai na ga yau Talata ce...”

“Barka na zo yi maka. Na kuwa yi. A sauka lafiya.”

Ya juya ya kama hanyar ruga. Malam Ɗayyabu ya bi shi da mota a hankali yana magana ta taga, Bappa bai waiwayo ba, har ya saki hanya ya shiga gonaki.

Cikin mako biyu gindin tsamiyar ya zama ba kowa da hantsi sai kaji. Malam Ɗayyabu yakan fito ya goge motar, ya jira, ya shiga ya tafi shi kaɗai. A hanya yakan wuce mutanen garinsu suna tafe a ƙasa da kaya, su ba su ji zuwansa ba, ba su kuma ganin wanda ke ciki. In ya tsaya ya sauke gilashi sai su ce sun kusa. Shi da bakinsa ya ce a lokacin ya yi musu mummunar fahimta. “Na ɗauka hassada ce. Na ce wato da ina cikin gwangwani kowa nawa ne, yanzu Allah ya ɗaga ni an guje ni. Har na yi fushi na daina tsayawa.”

Talata ta biyu ta zo ta wuce, Bappa bai zo ba. Ta uku ma haka.

Matarsa Salamatu ce ta kawo masa labari wata ranar Alhamis bayan la'asar. Jumai ta shigo kawo nono, ta ja ta gefe ta ce maganin tsohon gidansu ya ƙare tun kwanaki, ƙaya kuma ta soke shi a yatsan ƙafa, wurin ya ƙi warkewa har ya fara baƙi. Mazan gidan ba su dawo daga kudu ba. Sun yi sun yi ya bari a nemo mota, ya ce duk wadda ta je ta roƙar masa wani abu a gari kada ta ƙara kawo masa abinci.

“To ni me na yi masa?” in ji Malam Ɗayyabu. “Mota ce ga ta nan, na buɗe masa ƙofa da hannuna.”

Salamatu ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. “Malam, shekara nawa kana kai mutumin nan Rano?”

“Shida.”

“A'a. Ba ka taɓa kai shi ba. Shi yake tura ka, ya raka ka. Duk waɗanda ke taruwa a ƙofar gidan nan, akwai wanda ka taɓa yi wa alfarma? Kai ne mai nema kullum da safe, su ne masu taimako. Mutum ya yi gumi a bayan motarka, ya shiga da ƙafarsa da ƙurarsa ba ya jin nauyin kowa. Yanzu yaron nan ya kawo maka wadda ba ta neman komai a wurin kowa. To da wane ido za su shiga? Ga shi kuma ka tsaya a gaban mutane ka kira masa asibiti.”

Malam Ɗayyabu ya zauna a kan turmi yana juya maganar. Shekara goma sha biyar yana ganin turin nan a matsayin abin kunyarsa, bai taɓa kawo wa ransa cewa wani abu yake yi wa mutane ba.

Washegari bayan Juma'a ya nufi rugar da Baƙuwa. Bai yi rabin hanya ba cikinta ya fara gugar ƙasa, dole ya bar ta a gindin wata ɗorawa ya ƙarasa a ƙafa. Bappa ya karɓe shi a inuwar bukka, yana zaune a kan buzu ya rufe ƙafafunsa da bargo, ana wannan zafin. Ya sa aka kawo masa fura da nono. Suka yi hirar ruwan da ya fara bai zauna ba. Malam Ɗayyabu ya ba shi haƙuri a kan maganar rannan, Bappa ya ce wace magana, shi bai riƙe komai ba. Da ya ce masa gobe yana da niyyar shiga Rano, sai Bappa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bargon dai bai motsa ba, amma ƙudaje suna ta sauka a kansa.

Daga nan kai tsaye Kibiya ya wuce, garejin Muntari bakanike, wanda ya shekara ashirin yana duba Gwaggo.

“Muntari, wannan in an kashe ta, za a iya tayar da ita da turi?”

Muntari ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana dariya. “Baba Direba, otomatik ce fa. Ko duk Kibiya za su taru su tura ta har Rano ba za ta tashi ba. Me ya same ta?”

“Ba abin da ya same ta. Shi ne damuwar. Ɗauko kayan aikinka mu je gida.”

Mako shida kawai Gwaggo ta yi a bayan gida, amma tayu biyu sun sace, ɓeraye sun ci wayoyin fitila, kaza kuma ta yi ƙwai tara a kujerar baya. Salamatu ta kwashe ƙwan da kazar ta mayar akurki. Muntari ya yi Asabar da Lahadi yana aiki, ya wanke kafireta, ya canja fulogi, ya yi cajin batir. Ranar Litinin da safe ya zo da wani abu a cikin kwali, yana murmushi.

“Na samo maka kik, Baba. Mai kyau ne, na gwada shi. Minti talatin na ɗaura, ka huta da tara jama'a.”

Malam Ɗayyabu ya karɓi kwalin ya juya shi, ya miƙa wa Salamatu ya ce ta ajiye a ɗaki.

“Ba za a ɗaura ba?”

“Bar ta yadda take.”

Kafin azahar ya kira Tajuddeen a waya, don ba ya so ɗan ya ji a bakin wani. Tajuddeen ya ce, “Baba, tun ina sakandare ake ce mini ɗan mai a-tura. Na yi alkawari a raina in Allah ya hore mini ba za a ƙara ganin mahaifina ana tura shi a titi ba. Motar ba ta yi maka ba ne?”

“Ta yi, ɗana. Wallahi ta fi ƙarfin yi. Ban taɓa samun kyautar da ta kai ta ba, kuma ba zan rabu da ita ba. Amma akwai inda ba ta iya zuwa, akwai kuma wanda ba ya iya shigarta. In ka zo Babbar Sallah zan nuna maka.”

Saura matsala ɗaya. Ko Bappa ya ji Gwaggo ta tashi, ƙafarsa ba za ta kawo shi Tarai ba.

Ranar Talata da sassafe Malam Ɗayyabu ya fita da kansa ya yi sallama a gidajen maƙwabta uku, ya ce yana neman taimako, Gwaggo za ta fita. Suka fito suna tsokanarsa, wani ya ce ashe Baƙuwar ta koma garinsu. Aka tura, ta yi tarinta biyu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe gindin tsamiya. A rijiya ya ce musu yau su yi haƙuri, ta bayan gari zai bi. Ya karkata ya hau hanyar ruga. Inda cikin Baƙuwa ya gugi ƙasa, Gwaggo ta wuce ko a jikinta. Tun daga nesa ake jin salansarta, yara suka fito daga bukkoki.

Da ya zo daidai ƙofar shingen Bappa, sai ya murɗe makulli ya kashe ta. Ya fito ya buɗe gaba, ya leƙa, ya riƙe ƙugu, ya ɗaga murya yadda duk rugar za ta ji.

“Wayyo jama'a! Ta mutu mini a nan! Babu mai taimako ne a gidan nan?”

Jumai da sauran matan suka fito suna rufe baki da mayafi. Wasu maza biyu da ke gyaran gona kusa suka ajiye fartanya suka taho. An ɗan jima, sai ga Bappa ya fito daga bukka, yana dogara sanda da hannu biyu, ƙafar dama a naɗe da tsumma, ba ya taka ta sai da dunduniya. Ya rame sosai. Ya tsaya ya ƙare wa motar kallo.

“Kaɗo, ina ta gayun?”

“Tana gida. Wannan na ce bari in motsa ta kada ta ruɓe, ga abin da ta yi mini.”

“Duk faɗin duniyar nan ba ta ga wurin mutuwa ba sai ƙofar gidana?”

“Ka san halinta, Bappa. Ba ta shawara da ni.”

“Kai dai ba ka taɓa abin kirki ba. An ba ka mota ka ƙi zama a cikinta.” Ya juya ga mutanen. “To me kuke kallo? Ku kama masa mana, kada ya wuni a nan ya cinye mana fura.”

Wurin rairayi ne, kuma babu gangare. Mata huɗu da maza biyu suka jeru a baya, amma ba wanda ya taɓa motar. Suka jira. Bappa ya ɗingiso a hankali, taku ɗaya, biyu, har ya iso, ya jingine sandar a kafaɗa ya ɗora tafinsa a kan koren murfin. Sannan aka tura. Karon farko ta yi tari ta mutu. Karo na biyu ma haka. A na uku Jumai ta yi kabbara, motar ta zabura ta kama. Bappa taku uku ya yi da su ya tsaya, yana haki, yana riƙe da shinge.

Malam Ɗayyabu ya dawo da baya a hankali har gabansa, yana ba ta wuta kada ta mutu. Bai buɗe ƙofa ba, ya dai zuba wa sitiyari ido.

Bappa ya sunkuyo ta taga. “Ina ka nufa ne ma?”

“Rano.”

“Kai kaɗai, da wannan? In ta sake mutuwa a hanya wa zai tura ka?” Ya waiwaya. “Jumai, miƙo mini malfata da 'yar jakar nan. Bari in raka shi.”

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance a asibiti. An cire masa yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Jumai ta ce ma'aikatan sun gaya musu da an ƙara mako guda, da maganar ta wuce yatsa. Kullum Malam Ɗayyabu yana da uzuri a Rano a kwanakin nan, matan rugar kuma kullum suna zuwa taya shi turi, da kwanukan abinci a hannu.

Da Babbar Sallah Tajuddeen ya zo. Uban bai yi masa dogon bayani ba, ya dai ce ya fito ƙofar gida ranar Talata da hantsi. Ya fito cikin farar shadda ya tsaya a bakin zaure, ya ga mutum bakwai a gindin tsamiya ana ta gardamar wanda zai zauna kusa da akuya. Ya ga an jira wani tsoho mai ɗingishi ya ɗora hannu. Salamatu, wadda ke leƙe ta bayan ƙyaure, ta ce ba ta san lokacin da ya tuɓe hula ya ajiye a kan dakali ba, sai ganin sa ta yi a tsakiyar masu turi, hayaƙi yana bugun shaddar. Da aka isa rijiya Bappa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Injiniya, ka tura, sai ka shiga. Amma gaba tawa ce.”

Yanzu aikin ya rabu. Baƙuwa ce ke zuwa Kano da Abuja da duk wata doguwar tafiya, ita ke kai Salamatu biki da suna, kuma Malam Ɗayyabu ba ya ɓoye cewa ranar da ya tuƙa ta gwiwarsa ba ta hana shi barci. Gwaggo kuwa tana fita Talata da ranakun kasuwa. Muntari ya ce injinta ba zai wuce shekara biyu ko uku ba, kayanta ma sun fara wuyar samu. Malam Ɗayyabu ya ce ya sani, su ukun, shi da ita da Bappa, duk lallaɓawa suke yi. Kik ɗin yana nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin gadon Salamatu.

A Talatar da ta gabata, da aka isa rijiya kowa ya shiga ya zauna, Bappa ya gyara malfarsa a kan gwiwa, ya dubi abokinsa ta gefen ido.

“Kaɗo, wai ni kam har yanzu ba a samo maka abin tayar da motar nan ba? Shekara nawa?”

“Ana nema, Bappa.”

“To a dai yi ta nema a hankali,” in ji Bappa. “Ba sauri ake ba.”